Zinariya Mai Tabarma da Ɗan da Ba Ta Kiran Sunansa

Duk wanda ya taɓa kwana a Gidan Takawa, ɗan ƙauyen nan da ke bayan Sabon Gida, ya san abin da ke biyo bayan kiran sallar asuba. Turame su fara amsa wa juna, jakai su yi kukansu, sannan daga gidan ƙarshe na gabas a ji muryar mace ita kaɗai tana magana. Ba waƙa ba ce, ba kuma faɗa take da kowa ba. Zinariya ce mai saƙar tabarma take addu'a. Takan durƙusa gindin darnin karan da ya raba gidanta da na Isaka, wan mijinta, ta gode wa Allah da ya tashe ta, ta roƙa wa marasa lafiyan gari sauƙi ɗaya bayan ɗaya, ta roƙa wa gero ruwa in damina ce. Can ƙarshe sai ta ce, "Ya Ubangiji, ka tuna da wancan na gidan Isaka." Daga nan ta tashi ta jiƙa kaba, ta tsattsage ta da farce, ta jingina da aduwar tsakar gida ta kama saƙa har rana ta karkata. Shekara goma sha takwas ke nan tana haka.

Bana, 1949, ta ajiye basilla. Sanyin ƙashi ya tanƙware mata yatsu, ko ɗaurin zane sai da dabara. Da na ga dama da na cika takardar nan da zancen tabarminta kawai. Fatake daga Buza da Kaita sun san jan rininta na karan dafi, wanda ba ya kodewa ko an yi shekaru ana shimfiɗawa, kuma rabin matan da ke saƙa a garin yau a gabanta suka koya, ba ta taɓa korar ko ɗaya ba. Amma ba don tabarma na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne saboda wancan na gidan Isaka, don kuwa ɗanta ne, Manzo, ɗan fari, kuma shi kaɗai ya rage mata a duniya.

Kun dai san al'adarmu game da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana, ba ta ko ɗaga ido ta dube shi da kyau in da mutane. Da aka yaye Manzo aka tsallakar da shi darni zuwa ɗakin matar Isaka, ba wanda ya ga laifi, har ita uwar. A lokacin duk gidan hanya ɗaya suke bi, ta Musulunci. Sai daga baya mijinta Maiguwa ya tafi ci-rani kudu, ya yi shekara biyu yana ɗebo ruwa a gidan wasu masu bishara, ya komo da bangaskiya ga Yesu Almasihu. Zinariya ta yi damina guda cur tana yi masa gardama, don ita ba mace ba ce da ake ja da igiya. Da ta yarda kuwa, ta yarda ke nan.

Ba su daɗe tare a kan hanyar ba. Farar 1931 ta cinye gero tun yana tsaye, yunwa ta biyo baya, ta ɗauke musu ƙananan yara biyu a wata ɗaya, sannan ta kwantar da Maiguwa. Ranar da ya ga ba tashi zai yi ba, ya ce mata, "Yaron ga ban samu na koya mashi komi ba. Kar ki sake shi gaban Ubangiji."

Ta ce, "Ba ni sakinshi."

Manzo na da shekara goma sha biyu a lokacin.

To, ku duba inda aka bar ta. Mace ɗaya mai bin Almasihu a gari duka, ba ta iya karatu ba, abin da ke kanta bai wuce 'yan labaran da mijinta ya ba ta ba. Ɗan da ta yi alkawari a kansa yana hannun Isaka, mutumin kirki mai riƙo da sallarsa, wanda ya riƙe yaron tamkar shi ya haife shi. Ita kuma kunya ta ɗaure mata baki. Da wata ce, da ta haura darni ta ƙwato ɗanta, gari ya ce ga abin da sabon addini ke koya wa mata. Da wata ce kuma, da ta ce an fi ƙarfinta, ta naɗe hannu. Zinariya ta dubi abin da ya rage mata, ta ga darnin kara ba ya tare murya. Sai ta mayar da wurin addu'arta gindinsa, daidai bayan ɗakin da yaron ke kwana.

Cima, maƙwabciyarta, musulma ce, kuma aminiyarta tun suna amare. Ita ta ba ni labarin yunwar. Ta ce Zinariya kan shiga daji ta tsinko anza, 'yar itacen nan mai ɗaci, ta jiƙa ta kwanaki har ɗacin ya fita, ta dafa, ta raba biyu, ta ba Cima babban kashin ta kai gidan Isaka a ce daga ɗakin Cima ya fito. "Ni anka yi ta sa ma albarka," in ji Cima, "alhali ko ƙwara guda ba tawa ba ce."

Bayan ta fita takaba, Isaka ya same ta da magana mai taushi. Ya ce ta komo hanyar iyaye, a sama mata miji, a rufa mata asiri. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, na gode. Duk abin da kunka ce in yi ina yi, ban da wanga guda." Bai ƙara tayar da zancen ba, ita kuma ba a taɓa jin kalmar ɓatanci game da shi daga bakinta ba. Shekarar da ya faɗo daga kan rumbu ya karye a ƙafa, ita ta ajiye kaba ta ɗauki hauya, ta kama wa iyalinsa noma har gero ya yi kai.

Ni na zo ƙasar nan a 1938, mai bishara ɗan shekara ashirin da biyu, da jaki ɗaya da kai cike da takarda. Maraya ne ni, a gidan mishan na tashi, ban san uwa ba balle kaka, saboda haka kunyar ɗan fari a kunne kawai na san ta. Mu bakwai ne masu bi a yankin duka, mukan taru wata-wata a zauren wani ɗan'uwa a Madawa. Kullum in aka zo roƙo, sai Inna Zinariya ta kawo wancan na gidan Isaka. Na ɗauka wani bara ne ko ɗan maƙwabta. Da aka gaya mini ɗan cikinta ne, sai na gyara zama, na ce bari in koya wa tsohuwa addu'a.

"Inna," na ce, "gaban Allah ba kunya. Ki kira sunan ɗanki."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Can ta ce, "Malam, wanda ya halicce shi, mance sunan ya yi?"

Aka yi dariya, ni kuwa na yi yaƙe. Da na yi hankali daga nan da na huta, amma ina.

Shekara na zagayowa yaƙin Turawa ya tashi, kumandan, Baturen mulki, ya aiko a ba da samari aikin soja, sunan Manzo ya fito. Ranar da gumiye, dogaran kumandan, suka zo tafiya da su ina garin. Mata na kuka, Isaka ya riƙe hannun yaron har bakin gari yana yi masa addu'a, hawaye na bin gemunsa. Na duba ban ga uwar ba. Da na waiwaya sai na hango ta tana fitowa da ɗaurin tabarmi a ka, ta bi wata hanya ta bayan gonaki, ko kallon inda ake kukan ba ta yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. An tafi da ɗanki bakin wuta, ke kuma kin nufi talla?

Kwana huɗu ba ta komo ba. Da ta komo na same ta gindin aduwarta, na faɗa mata maganar da har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Na ce uwar da ta fi son kasuwa da ɗanta ba ta da bakin roƙa masa komai. Ta ɗebo mini ruwa a ƙwarya, ta koma saƙarta.

Cima ce ta tare ni a hanyar rijiya. Ta sauke tulu, ta riƙe ƙugu.

"Kai ɗan nan, karatun naka bai gwada maka ranakun kasuwa ba? Wace kasuwa ke ci Madawa ranar da sunka tahi?"

Na lissafa ranakun, babu.

"Tabarmin nan ta ɗauka ne don kar a ce ta bi ɗanta. Ta cikin gero ta bi su, tana hangen ƙurarsu, har Madawa. Ta baje kayanta gindin gawo daura da bariki, kwana uku. Ni na bi ta da hura rana ta biyu, da idona na gani. Tana kallo likita ya duba masu haƙora, tana kallo anka aske masu kai. Wanda duk ya taya tabarma sai ta ƙi sallamawa, don in sun ƙare ba ta da hujjar zama. Sai da kamiyo, babbar motar soja, ya kwashe su ya ɓace ta ɗaure kayanta. Yadda ta tahi da su haka ta komo da su."

Na ce, "Shi ya gan ta?"

"Allah masani. Bai dubo ba, ita ma ba ta kira ba."

Na koma na durƙusa gabanta na nemi gafara. Ta ce, "Tashi, Malam. Baƙo ko da ido makaho ne." Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ko da wasa.

Ke ce, Inna Zinariya, kika koya mini cewa ba duk ƙauna ke da baki ba. Ni da na zo koya miki addu'a, a wurinki na fara koyon yin shiru. Uwa mai haƙuri, kin sha zagi daga yaron da kika isa ki haifa, kika ba shi ruwa ya sha.

Manzo ya yi shekara shida bai komo ba. Takarda ɗaya tak ta zo a duk tsawon lokacin, zuwa ga Isaka. Ni aka kira na karanta. Ya gai da Isaka da matarsa, ya gai da Cima, ya gai da abokansa kowa da sunansa, har ya tambayi lafiyar gonar fadama. Bai ambaci uwarsa ba, don ɗan fari ma ba ya ambaton uwa. Ina karantawa ina jin motsi bayan darni. Da na gama, Cima ta leƙo ta ce wai kunnenta bai ji da kyau ba, in sake daga farko. Sau uku na karanta takardar nan a ranar, kuma kowa ya san ba kunnen Cima ba ne.

Duk shekarun nan ba ta fasa durƙuso gindin darni ba, ko da yake ɗakin ba kowa. Cima kan tsokane ta, ta ce, "Ke, mai ɗakin na bayan teku, wa kike ma?" Sai ta ce, "Da can ma ba shi kaɗai ke saurare ba."

A 1946 ya komo, da takalman soja da tabo a wuya. Mun yi murna, muka ce wahala ta ƙare, ashe ba mu san komai ba. Ba ya bin Isaka masallaci, ba ya zuwa wurinmu, sai zama bakin hanya yana busa taba, in an gai da shi ya amsa da ka. Na je na same shi da 'yar maganata. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, na tahi ƙasar masu addininku. Na ga majami'un da sunka ɗara duwatsun Buza tsawo, na kuma ga masu su na ƙone juna. Kar ka ƙara zo min da zancen ga."

Bayan kwana kaɗan, wata safiya tana tsakiyar roƙo, muryarsa ta fito daga ɗakin da ƙarfi: "A bar mutane su yi kwana! Shekara nawa ana surutun ga, mi ya gyara?"

Tun da ya yi wayo bai taɓa jefa magana wajenta ba. Ta farko ke nan, kuma ita ce wannan.

Ranar ba ta taɓa kaba ba. Cima ta aika aka kira ni, na same ta zaune da hannu a cinya. Ban taɓa ganin ta karaya ba sai ranar, kuma abin ya tsorata ni.

"Malam," ta ce, "ashe ruwa nike zubawa cikin kwando? Shekara goma sha biyar. Ko ni ce ban iya roƙon ba? Ko kunyar ga da na riƙe ita ta cuce shi? Da na haura darnin tun shina ƙarami, da yanzu ba haka ba?"

Hawaye na zuba, ba ta share ba. Da a ce shekarun baya ne, da na zazzage mata wa'azi. Wannan karon na zauna kusa da ita kawai. Muka daɗe a haka, kaji na tsattsagar kabar da ta jiƙa tun jiya ba wanda ya kore su. Daga ƙarshe ta ja numfashi ta ce, "Shi dai marigayi cewa ya yi kar in sake shi. Bai ce zan gani ba."

Washegari ta jira sai da rana ta fito, tunda barci aka ce tana hanawa. Ta rage murya. Amma ba ta matsa daga gindin darnin ba ko da taki ɗaya.

Shekara uku suka wuce ba abin da ya sake. Manzo ya kama noma, ya auri Kaltuma, suka haifi 'ya aka sa mata Jaratu. Bana lokacin yaye ya yi, aka shiga shawarar inda za a kai ta, tunda 'yar fari ce. Uwar Kaltuma ta aiko daga Deule tana so. Matar Isaka ma ta shimfiɗa hannu. Isaka ya ce a kai yarinya gidan da ake salla, kuma a ganinsa gaskiya ya faɗa, ba ƙiyayya ba ce. Ba wanda ya sa Zinariya a lissafi, ita ma ba ta sa kanta ba. Manzo dai ya saurari kowa.

Wata hantsi ina gidanta na zo duba hannuwan, sai ga Cima ta shigo da Jaratu a goye. Manzo na biye da ita. Bai shigo ba, ya tsaya bakin ƙofa ya juya baya yana kallon gonaki.

"Inna Cima," ya ce, "ki ce ma masu gida ga yaye an kawo."

Zinariya ta dubi yatsunta, ta ce wa Cima, "Ki ce mashi hannuwan ga ba su iya goyo."

Cima ba ta kai ga buɗe baki ba ya amsa: "Ki ce tana tahiya da ƙafarta."

Na so a ce ta yi shiru daga nan ta karɓi abinta. Ni da nake mai bishara, a raina cewa nake, Inna, rufe bakinki kada ya fasa. Amma ita ba ta karɓar amana a ɓoye. Sai ta ce, "Ki ce mashi ya san abin da ake yi gidan ga kowace safiya. Ba ni fasawa don ita, ba ni kuma ɓoye mata."

Ya tona ƙasa da bakin takalmi. Sannan ya ce, "Ki ce na sani."

Ya saɓa hauyarsa ya tafi. Cima ta kwance goyo tana cewa ita dai ta gaji da aiken da ba nisa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, 'yan'uwa. Manzo bai ce ya gaskata ba. Har yau ba ya zuwa taronmu, in ya hango ni ma sauya hanya yake. Wasu sun ce ai ba wani abu ba ne, jika wurin kaka tun kaka da kakanni. Cima ta ce Kaltuma ce ke son 'yarta kusa, inda za ta riƙa leƙenta. Isaka ya yi kwana bakwai yana fushi, rana ta takwas ya aiko da akuya mai nono. Ni ban san abin da ke zuciyar Manzo ba, kuma na bar yin shaida a kan abin da ban sani ba.

Abu ɗaya dai na sani, tsakanin kaka da jika ba kunya. Macen da ta yi shekara talatin ba ta kira sunan ɗanta ba, yanzu daga safe har yamma Jaratu ake ji a gidan. Jaratu zo, Jaratu bar kajin nan, Jaratu ke mummuna ce. Maƙwabta har sun fara ƙorafi suna dariya.

Na tambaye ta makon jiya ko wannan ce amsar da ta daɗe tana jira.

"Ban sani ba, Malam," ta ce. "Kai ne mai son amsa da wuri. Ni tarin ga da ya kama ni, na san ba ni kai ga aurenta, balle in san mi za ta zama. To, sai mi? A bar ta ba kunu?"

Mun gode, Inna Zinariya. Mun gode da tabarmin da muka yi sujada a kansu, da anzar da wata ta karɓi godiyarta, da kwana ukun nan na gindin gawo. Mun gode da kika riƙe bangaskiyarki ba tare da kin wulaƙanta gidan mijinki ba. Ba mu da labarin nasara da za mu ba ki tukwici, ba kuma za mu yi miki alkawarin abin da ba a hannunmu yake ba. Allah shi ƙara miki kwanaki, shi sassauta miki ciwo.

Ku kuma iyayen da kuka yi shekara biyu ko uku kuna roƙo a kan ɗan da ya ƙi ji, har kun fara cewa kun yi iyakar naku, kada ku naɗe hannu tukuna. Ku je Gidan Takawa, gidan ƙarshe na gabas. Za ku tarar da tsohuwa mai tari, wadda har yau ba ta ga abin da ta roƙa ba, ta kama hannuwan 'yar shekara biyu da tanƙwararrun yatsunta tana koya mata haɗa su. Ta sake ɗaukowa daga farko.